Cika-ciki a Keffi da wutsiyar ragon da ta yi fumfuna



Daren cika-cikin da ya wuce mun taru mu bakwai a gidan wani abokina mai sayar da albasa, domin mu ci tuwo kamar yadda muka taso muka ga ana yi a gida. Ni mutumin Maraɗi ne, akwai Badamagare ɗaya, sauran Katsinawa ne da Zage-zagi. Al'adar dai kowa ya san ta: a busar da wutsiyar ragon layya a ajiye, sai 10 ga Muharram ta zo a jefa ta cikin miya, kowa ya ci har ya ture. To tawa ba ta kai ba. Layya ta faɗo cikin damina, ruwan Keffi kuwa ba irin na Maraɗi ba ne, da na sauko da ita sai na tarar fumfuna ta rufe ta. Da ta mai gida aka yi miyar kukar.

Muna cikin ci sai ɗansa, haifaffen garin nan, wanda ake ta kai da kawowa a kan takardarsa ta ɗan asalin ƙaramar hukuma, ya ce, "Baba, wai mu baƙi ne a nan?" Uban ya yi shiru, ni na karɓe.

Na ce masa wanda ya kafa Keffi wajen 1802, wato Abdu Zanga, Bafulatani ne da ya taso daga ƙasar Katsina, kuma ana cewa sunan garin daga kafi ya samo asali, wato shingen itace na tsaro. A zamanin nan ne kuma jihadi ya kori sarakunan Haɓen Katsina a 1807, suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Ka ga Katsina ɗaya ce, wasu suka yi kudu wasu arewa. Keffi ta zauna ƙarƙashin Zazzau, fatake suna yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Loko a bakin Binuwai.

A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a garin nan, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Da wannan Lugga ya fake ya ci Kano a Fabrairun 1903. Iyakar da ta mai da ni ɗan wata ƙasa kuwa sai bayan haka Ingila da Faransa suka gama shata ta, jihar Nasarawa ma sai 1996 aka ƙirƙiro ta.

Yaron ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Kawu, a ofishin ba su tambayi Abdu Zanga ba." Gaskiyarsa, ban kuma sami amsa ba, sai na tura masa tsokar da ke gabana.

Wanda ya san dabarar ajiye wutsiya a irin wannan lema, don Allah ya sanar da ni kafin layya mai zuwa.