Yadda Gilashi Ya Zama Idon Injin Sassaƙa Ƙarfe

Ɗauka an rufe maka ido a Ƙofar Galadima, an ce ka bi ganuwar Zazzau har ƙofa ta gaba, ka tsaya daidai bakinta. Dabararka ɗaya ce: ƙirga taku. In ka zame sau biyu, ko gajiya ta rage maka faɗin taku, lissafinka zai ce ka iso, alhali da saura. To, haka injinan sassaƙa ƙarfe suka yi aiki fiye da shekara ɗari.

Wajen 1800, Henry Maudslay ya ƙera injinsa mai yanka zaren sukuru a Landan. Daga nan dogon sukuru ya zama shi ke tura teburin inji, shi ne kuma ma'auni. Ka juya hannu sau ɗaya, ka karanta lambar da ke jiki, ka yarda tebur ya matsa gwargwadon haka. Har gobe da wannan yarda yawancin masu gyaran ƙarafan mota da na injin niƙa ke aiki a garuruwanmu.

Amma sukuru yana ƙarya. In ya ci jiki sai ya yi lako-lako a cikin notinsa, ka juya baya hannu na tafiya tebur na tsaye. Ga kuma zafi: ƙarfe mai tsawon mita 1, in zafinsa ya ƙaru da digiri 10, yakan miƙe da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kada ka raina wannan, ya isa ya sa bushin ya ƙi shiga, a yar da ƙarfen da aka saya da tsada. Ƙwararren ma'aikaci ya san halin injinsa, yana cike giɓin da hannu. Da aka nuna inji mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, sai tambaya ta taso: in ba mutum a wurin, wa zai kama ƙaryar sukuru?

Amsar ta daɗe tana jira. Ka taɓa ɗora gidan sauro a kan wani, ka ga wasu manyan layuka masu duhu suna gudu in ka ɗan motsa ɗaya? Tun 1874 Lord Rayleigh ya lura da irin wannan a gilasai masu siraran layuka. Motsi ɗan ƙanƙani, inuwa mai girma. A shekarun 1950 kamfanin Ferranti da ke Edinbura ya sa na'ura mai jin haske ta riƙa ƙirga waɗannan inuwoyi a jikin inji. A Jamus kuma, kamfanin Heidenhain, wanda aka kafa a Berlin a 1889 aka sake tayar da shi a Traunreut bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fito da hanyar kwantar da layukan kurom a kan gilashi a 1950.

Ga yadda abin yake a yau. Doguwar rular gilashi ce a liƙe jikin inji, da yawansu layi 50 a kowace milimita. Wani ɗan kai mai fitila yana tafiya tare da tebur, haske na ratsawa yana katsewa, kwamfuta na ƙirgawa. Ana karɓar sigina biyu, ɗaya na ɗan gaban ɗaya, ta haka ake gane gaba ake yi ko baya. In tebur bai kai ba, kwamfuta ta ce wa mota ta ƙara. An cire ƙyallen daga ido kenan, inji ya daina tambayar sukuru, teburin kansa yake kallo.

Sai dai a ƙasarmu gilashin na da maƙiya. Ƙurar hunturu da mai in suka tsallake robar da ke rufe shi, haske ya dushe, ƙirga ta ɓace, shi ya sa wasu ke zaɓar ma'aunin maganaɗisu, wanda ya fi jure datti. In kuma aka ɗauke wuta, rula mai ƙirga kawai takan manta inda take, dole a mayar da tebur kan alamar farawa kafin a ci gaba da yanka.