Sulaiman Ibrahim Katsina da Yadda Labarin Laifi Ya Samu Gindin Zama a Adabin Hausa

A shekarar 1982 aka fito da wasu littattafan Hausa a lokaci guda, dukkansu daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya wa masu rubutu cikin harsunan gida. A cikinsu akwai Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da kuma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Biyun ƙarshe su ne suka sauya kamannin mai laifi a ƙagaggen labarin Hausa. A da ɓarawon littafi mai haura katanga ne cikin dare. Daga wannan shekara sai makaranta suka fara cin karo da mai laifin da ke da bindiga da yara, ko kuma mai babbar riga da motoci, wanda gari duka ke durƙusa masa.

Shi ɓarawo tsohon baƙo ne a littafin Hausa, tare da shi aka buɗe fagen. Lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar 1933, littattafan da suka fito daga cikinta sun haɗa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Wannan na ƙarshe labarin ɓarayi ne masu gwada wa juna wayo, kuma mai shi ɗan yammacin Kano ne. Ke nan yankin yana da hannu a zubin farko na labarin laifi da aka buga da boko, ko da yake ba kasafai ake tuna haka ba. A wannan zamanin ne kuma Jiki Magayi na John Tafida da East ya fito, inda wani da aka ƙwace wa budurwa ya nemo asirin da ya mai da ɗan abokin gabarsa ɓarawo, har abin ya kai ga zubar da jini.

Sai dai laifin waɗannan littattafai laifin mutum ɗaya ne. Ko dai wayo ne irin na Gizo wanda ake sha'awar jin yadda zai ƙare, ko kuma ƙaddara ce da sihiri. Babu hukuma a ciki wadda za a ce ta yi sakaci, babu ma'aikacin da aka toshe wa baki.

Shekarun da suka biyo baya, zamanin Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA har zuwa kafa kamfanin NNPC na Zariya a 1966, sun fi ba da labaran jarumta da aljanu da tafiye-tafiye. Sai a ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya matso da labari kusa da gida da Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni, ya faɗa hannun miyagun abokai. A nan an fara ganin cewa gari ma yana iya haifar da mai laifi.

Ƙasar ce ta riga marubutan sauyawa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, kuma bayansa makamai suka bazu a hannun da bai dace ba. Fashi da makami ya yi ƙamarin da gwamnatin Gowon ta kafa dokar kisa a kansa a 1970, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a. Sannan kuɗin man fetur suka malalo, aka saba da kayan waje, daga shinkafa har atamfa. Da farashin mai ya karye, gwamnati ta koma hana shigo da kaya, musamman da dokar tsuke bakin aljihu ta Shagari a watan Afrilun 1982. Duk abin da aka hana shigo da shi ta ƙofa kuwa, sai ya sami hanya ta daji. Mutumin Katsina bai buƙatar jarida ta gaya masa wannan, domin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi a bayan gidansa take, ya kuma san waɗanda suka yi dare ɗaya suka zama attajirai.

A gefe guda kuma 'yan makarantar sakandare na lokacin sun nutse cikin littattafan James Hadley Chase, ana ba juna aro har bango ya yage. Kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters a 1977, kuma cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano. Makaranta sun ɗanɗani labari mai gudu, mai mota da bindiga da 'yan sanda. Abin da ya rage shi ne wanda zai ba su irinsa da Hausa, a garin da suka sani.

Sulaiman Ibrahim Katsina bai fara da labarin laifi ba. Da soyayya ya shigo. Littafinsa Mallakin Zuciyata ne ya zo na ɗaya a gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya zo na biyu, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta ya bi baya, aka buga su a 1980. Amma ko a wannan littafi na masoya ana iya hango inda hankalin marubucin ya karkata, wato yadda kuɗi ke shiga tsakanin mutane su ɓata abin da yake daidai. Mutanensa na zamani ne, suna zuwa makaranta, suna aikin albashi, suna magana irin ta titi.

A Turmin Danya ne ya buɗe hannu sosai. Ginshiƙin labarin shi ne Alhaji Gabatari, hamshaƙin mai kuɗi wanda fasa-ƙwauri ne tushen dukiyarsa. Yana da yara masu yi masa aiki, yana da hanyar shiga ofisoshi, kuma cin hanci da shagali da mata duk suna cikin kayan aikinsa. A ɗaya ɓangaren ga ma'aikatan kwastan, waɗanda aka ɗora wa tsaron iyaka, wasu na saye wasu ba na saye ba. Marubucin bai ɓoye wa mai karatu mai laifin ba. Abin da ke riƙe mutum har ya kai ƙarshen littafin shi ne son ganin ko za a sami mai ƙarfin halin tunkarar wanda kowa ke ci daga hannunsa.

Wannan zaɓi yana da hikima, domin ya dace da yadda laifi yake a garuruwanmu. A labarin binciken Turawa irin na Agatha Christie, ana tara mutane a gida ɗaya, a tsinci gawa, mai bincike ya yi ta tsintar alamu har ya nuna wanda ba a zata ba. A garin Hausa kuwa sau da yawa kowa ya san mai abin, daga mai shayi har mai unguwa. Wahalar ita ce faɗa. Sulaiman ya gane haka, ya gina labarinsa a kan shirun jama'a da kwaɗayin ma'aikata. Kuma ya yi shi da Hausa mai sauƙin haɗiya, wadda ba ta cika wa'azi ba, abin da ya sa littafin ya daɗe a hannun ɗalibai, har ya shiga cikin waɗanda ake yin jarrabawar Hausa a kansu.

Bature Gagare, shi ma Bakatsine, ya bi ta wata hanyar mai zafi. Mailoma, tauraron Ƙarshen Alewa Ƙasa, ya fito ne daga cikin Maguzawa, ya ratsa ta aikin soja, ya ƙare yana shugaban gungun 'yan ta'adda. Littafi ne mai kauri, mai jini, wanda ya tambayi abin da ƙasa za ta yi da mutanen da ta koya wa kisa sannan ta sallame su. Wanda ya karanta shi yau, a zamanin 'yan bindigar daji, zai ji tsikar jikinsa ta tashi.

Abin da waɗannan Katsinawa biyu suka yi yana da ɗan'uwa a can nesa. A Japan, Seicho Matsumoto ya fara suna ne a matsayin marubucin adabi mai zurfi, har ya ci kyautar Akutagawa, kafin ya juya ga labarin bincike. Littafinsa Ten to Sen na 1958 ya fara da gawar mutum biyu a bakin teku, ya bi jadawalin jiragen ƙasa daki-daki, ya ɓulle a kan cin hanci a wata ma'aikatar gwamnati. Daga nan marubutan ƙasar suka mai da labarin laifi hanyar tona cututtukan al'umma. Miyuki Miyabe, alal misali, ta gina Kasha na 1992 a kan yadda bashi ke cinye rayuwar mutum. Bambancin shi ne a Japan an sami mujallu da kamfanoni da kyaututtukan shekara-shekara da suka riƙe wannan salo ya yi rassa. A ƙasar Hausa gasa ce ta zo sau ɗaya ta wuce.

Sulaiman ya ƙara littafi na uku a 1983, Tura Ta Kai Bango, wanda ya koma kan siyasar jam'iyyu, inda talakawa ke ja da masu kuɗi da masu riƙe da gari. Duk wanda ya ga Jamhuriya ta Biyu zai gane inuwar da ke bayansa. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Katsina kuwa a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, kuma a watan Yunin 1981 majalisar jihar da NPN ta fi rinjaye a cikinta ta tsige gwamnan, Balarabe Musa. Littafin ya fito a shekarar da Malam ya rasu, wadda kuma a ranarta ta ƙarshe soja suka kifar da gwamnati. Littattafai uku cikin shekara huɗu, a kan aure da kasuwa da mulki, kowanne yana bin sawun kuɗi. Bayan haka aikin jarida ya ɗauke shi, masu sauraro suka san muryarsa a Sashen Hausa na BBC.

Da tsarin tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Matasa suka koma buga littattafansu da kansu, aka sami abin da ake kira adabin kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ɗimbin wasu suka cika kasuwa, kuma soyayya da zaman aure ne suka fi tafiya. An sami masu ratsewa, irin su Bala Anas Babinlata da labaransa masu sarƙaƙiya, da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro da suka ja makaranta zuwa ban tsoro da al'ajabi. Amma labarin laifi irin na Turmin Danya, mai bin diddigin yadda haram ke ratsa ofis da kasuwa, bai sami magada da yawa ba. Har yau adabin Hausa bai fitar da wani mai bincike guda da makaranta suka san shi da suna, suke jiran fitowarsa littafi bayan littafi ba.

Kayan aikin kuwa sun fi na 1982 yawa. An rufe iyakokin ƙasa a 1984, an sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa ba ta daina shigowa ba. Ga satar shanu, ga garkuwa da mutane, ga masu kai wa 'yan daji labari da man fetur, ga damfarar waya. Marubutan da ke rubutu a WhatsApp da Wattpad a yau suna da makarantan da Sulaiman da Gagare ba su taɓa mafarkin samu ba. Ya kamata su nemi waɗannan littattafai biyu su karanta su da idon mai koyon sana'a, masu ɗab'i su sake buga Ƙarshen Alewa Ƙasa yadda zai samu a kowane shagon littafi, masu shirya gasar rubutu kuma su ware wa labarin bincike rukuninsa na kansa a kowace shekara.