Amosanin Jini da Shanyewar Jikin Yara: Tarihin Wani Bincike daga Garki zuwa Kano

A sassan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa a Nijar, an daɗe da sanin macen da ake kira mai wabi, wadda take haihuwa 'ya'yan suna rasuwa tun suna ƙanana, kuma an daɗe ana danganta lamarin da iska ko sammu, kamar yadda ake danganta shanyewar ɓarin jikin yaron da ya kwanta lafiya ya tashi hannu da ƙafa sun mutu. Dalilan mutuwar jarirai suna da yawa, amma akwai guda da yake bin jini daga iyaye, shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila a Najeriya, emasi a Nijar. Cuta ce da yaro yake gada idan uwa da uba duk sun ba shi ƙwayar halittar da take lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma kamar lauje, har su riƙa toshe ƙananan hanyoyin jini.

Likita James Herrick ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1910, sannan a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwaya ɗaya tak yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana dalilin yawanta a wurare da yawa inda damina take kawo sauro. Sai dai ma'aunin ɓarnarta a karkarar Hausa ya fito ne daga Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da binciken zazzaɓi daga 1969 zuwa 1976. A can ne Alan Fleming, wanda ya koyar da ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya auna jinin mutanen ƙauyuka tare da abokan aikinsa, suka wallafa a 1979 cewa kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da cutar, amma da ƙyar ake samun mai ita a cikin manya, domin yawancinsu ba sa kai shekara biyar. Har yau masana suna komawa ga wannan aiki idan suna lissafin mace-macen sikila a Afirka.

Da yaran suka fara rayuwa saboda rigakafi da magani, sai matsalar ƙwaƙwalwa ta fito fili, domin kimanin 11 cikin 100 suna samun shanyewar jiki kafin shekara 20 idan ba a yi komai ba. A 1998 Robert Adams ya nuna a Amurka cewa na'urar Doppler, wadda take auna gudun jini a jijiyoyin kai ta hanyar sauti, tana gano yaron da yake cikin haɗari idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, kuma ƙarin jini duk wata yana kare shi. Wannan magani, duk da ingancinsa, ya fi ƙarfin manomin da asibiti ya yi wa nisa.

A nan ne aikin Kano ya sami daraja. Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada ƙwayar hydroxyurea da ake sha kullum a madadin ƙarin jini, kuma a gwajin da aka wallafa a 2022, wanda ya ƙunshi yara 220 a Kano da Kaduna, an ga cewa ƙaramin awo na miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro bai gaza ninkinsa ba wajen hana shanyewar jiki. Amfanin wannan ga talaka a bayyane yake, tun da rabin awo rabin kuɗi ne. A 2024 kuma jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na sikila.

Mutanen sassan Ƙonni da Malbaza da Illela sun fi cancantar wannan ilimi ya iso gare su da wuri, ganin cewa sauro ɗaya suke fama da shi da mutanen Sakkwato, kuma auren zumunci, wanda yake ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyi biyu a jikin yaro, al'ada ce mai ƙarfi a tsakaninsu. Asibitin Galmi yana karɓar marasa lafiyar yankin tun 1950, amma babbar cibiyar kula da sikila ta ƙasa tana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni, tafiyar da uwa mai ɗauke da yaro maras lafiya ba za ta iya maimaitawa a kai a kai ba.