Sifiri: Kalmar da Ta Bar Gida Fanko, Ta Dawo da Asiri

Duk wanda ya yi makaranta ya san fargabar ganin sifiri a kan takardar jarrabawa. A Hausa ma'anar kalmar ɗaya ce, wato babu. Amma tana da 'yan'uwa na jini a harsuna da dama, kuma kowacce da abin da take nufi. A Faransanci adadi ce, a Turkanci kuwa ita ce kalmar sirri ta buɗe waya.

Labarin ya faro ne daga Indiya. Masana lissafi na can suna kiran gurbin da babu adadi a cikinsa “shunya”, ma'ana wofi. A shekarar 628 Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da shi, ya ɗauke shi adadi mai zaman kansa. Da wannan ilimi ya iso Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, Al-Khwarizmi ya wallafa littafi kan lissafin Indiyawa wajen shekarar 825. Larabawa ba su ari kalmar ba, fassara ta suka yi da “sifr”, wadda dama da ita suke siffanta abin da babu komai a cikinsa, kamar hannun mutumin da ya dawo daga nema bai samo ko anini ba.

Daga nan ta tsallaka Bahar Rum ta hanyoyi biyu. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi a Bijaya da ke gaɓar tekun Aljeriya, inda mahaifinsa ke aiki wa fataken Pisa. A littafinsa Liber Abaci na 1202 ya rubuta ta “zephirum”, bakin Italiyawa ya yi ta goge ta har ta koma “zero”. Masu juya littattafan Larabci zuwa Latin kuma suka rubuta ta “cifra”. Kalma ɗaya ta zama tagwaye.

“Zero” ta tsaya a kan ma'anar farko, “cifra” kuwa ta shiga yawo. Da yake sifiri ne mafi baƙunta a sabon tsarin ƙirga, sai sunansa ya mamaye sauran alƙaluman tara. A nan Faransanci ya samo “chiffre”, Jamusanci “Ziffer”. Ba kowa ne ya yi maraba da waɗannan alamomi ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana membobinta rubuta su a littattafan ciniki. Bayan nan jakadun biranen Italiya suka riƙa musanya haruffa da lambobi a wasiƙunsu don kada maƙiyi ya karanta, sai “cifra” ta koma nufin rubutun asiri. Ingilishi ya tara kusan dukan ma'anonin a “cipher”: sifiri, yin lissafi, rubutun asiri, har da mutumin da ba a lissafi da shi.

Abin mamakin yana a komowarta gabas. Turkawa sun karɓi “sıfır” daga Larabawa, sannan suka sake karɓar “şifre” daga Faransawa. Larabci kansa yau yana da “shifra” da ma'anar lambar sirri, 'yar gida ce da ta dawo cikin tufafin Turai har iyayenta suka karɓe ta a matsayin baƙuwa.

Hausa ta ɗauki tata kai tsaye daga Larabci, wasu su ce sifiri, wasu sifili, kamar yadda Sawahili ya yi da “sifuri”. Sauran lambobin kuwa Bahaushe ya laƙaba musu sunan abin rubuta su, ya ce alƙaluma.

Akwai darasi a nan ga masu fassara da masu ƙirƙira wa Hausa kalmomin fasaha, waɗanda kan ƙi kalma don wai ba haka asalin ma'anarta yake ba. 'Yan kasuwa da jakadu da malamai ne suka ba sifiri ma'anoninta, kowa gwargwadon buƙatarsa, ba tare da neman izinin asali ba. Ɗalibin Maraɗi da ke koyon “zéro” da “chiffre” a aji, ya koma gida ya ce sifiri, kalma ɗaya yake furtawa ta fuska uku.