Rubutun Gidaje da Motoci a Masar: Daga Addu'a Zuwa Tutar Husuma

A ƙauyukan kudancin Masar an daɗe ana ƙawata bangon gidan alhaji da zanen Ka'aba da jirgin da ya kai shi, haɗe da ayoyi da addu'o'i. Da motoci suka yawaita, al'adar ta hau titi. A shekarar 1971 masanin zamantakewa Sayyid Uwais ya wallafa Hutaf al-Samitin, inda ya tattara abin da direbobi ke rubutawa a jikin motocinsu: neman tsari daga hassada, tawakkali, da kukan zalunci. Ya ɗauke su muryar talakan da ba shi da mumbari.

Daga baya ma'anar ta sauya. Bayan rikicin unguwar Zawiyatul Hamra a Alƙahira a 1981, zaman Musulmi da Kiristoci Ƙibɗawa ya yi tsami. Waɗannan suna liƙa kalmar shahada, waɗancan gicciye, kowa don nuna ɓangarensa. A 1985 gwamnatin Mubarak ta hana liƙa alamun addini a motoci.

Tun da can malaman Malikiyya sun karhanta rubuta Alƙur'ani a bango, gudun wulaƙanta shi. Abin da ya faru a Masar ya ƙara wani dalili: kalmar tauhidi ta fi ƙarfin a mai da ita makamin tsokanar maƙwabci.