Layin Taro da Layin Aike: Nazari a kan Haɗa Sautin Kiɗan Gogen Arewa

Sunan Lugu ya shiga littattafai ne saboda yaƙin watan Afrilun 1899, lokacin da Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Faransa da ke ƙarƙashin Voulet da Chanoine. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Amma ƙasar Arewa, daga Lugu zuwa Dogon Dutsi da Tibiri, tana da wata dukiya da takarda ba ta iya riƙewa, wato kiɗan goge da ƙwarya da ake yi a wasan bori da bukukuwa. Littafin da Adeline Masquelier ta fitar a 2001 kan borin Dogon Dutsi ya nuna matsayin mai goge a wannan sha'ani. A yau na'urar ɗaukar sauti irin Zoom H6, wadda ke shiga jaka, tana ɗaukar layi shida a lokaci guda. Ɗaukar ta yi sauƙi. Wahalar tana gaba, a lokacin da aka zauna gaban kwamfuta za a mai da layukan nan waƙa ɗaya.

A ce an ɗauko goge a layi ɗaya, muryar mai waƙa a wani, ƙwarya biyu kowace da makirufonta, sai 'yan amshi a layi biyu. Hanya biyu ce ake sarrafa irin waɗannan layuka a tare, kuma masu koyo sukan gwama su. Ta farko ita ce layin taro, wanda 'yan situdiyo ke kira bas: a kwashe sautin layuka da yawa gaba ɗayansa a zuba cikin layi guda, sannan shi ya wuce zuwa babban layin fita. Ta biyu ita ce layin aike: sautin yana bin hanyarsa yadda ya saba, sai a tsakuri wani kaso a aika wa na'urar ado, misali mai amsa-kuwwa, abin da ta sarrafa ya dawo ta wani layi ya haɗu da na asali. Mai lambu a fadama ya san wannan aiki, domin yakan buɗe 'yar kafa a jikin babbar hanyar ruwa ya shayar da komi ɗaya, ruwan kuma bai fasa tafiyarsa ba.

Amfanin layin taro a kiɗan Hausa a fili yake, don tsarin kiɗan da kansa rukuni-rukuni ne. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa. 'Yan amshi murya ɗaya ce ko da su huɗu ne, kuma kunne yana son jin su a haka. Idan aka tara su a bas ɗaya, hannu ɗaya zai ɗaga su ko ya sauke su ba tare da ya ɓata daidaiton da ke tsakaninsu ba. Kwamfuresa guda da aka ɗora musu kuma za ta riƙa matse su tare, su shiga tare su fita tare. Haka ƙoren ma. Sai dai a kula da lissafi: layi biyu masu ƙarfi ɗaya, idan ba sauti iri ɗaya ba ne, haɗuwarsu tana ƙara kimanin desibel 3, layi huɗu kuma kimanin desibel 6. Wanda ya cika kowane layi har wuya zai tarar bas ɗinsa yana fashewa tun bai taɓa komai ba.

Akwai wata matsala da bas ke tonawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan kowace mita tana jinkirta shi da kimanin kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa. Makirufon ƙwarya ta farko yana jin ta biyu a makare, na biyun ma haka. Da aka zuba su wuri ɗaya, wani sashe na sautin yakan cinye wani, ƙwaryar ta rasa kaurinta. Maganin shi ne a saurari bas ɗin shi kaɗai, a gwada juya fuskar igiyar sautin layi ɗaya, ko a matsar da shi kaɗan, har kaurin ya dawo.

Layin aike shi ne ya fi bukatar dogon tunani. Asalinsa larura ce. A situdiyoyin farko, irin Abbey Road a Landan da Capitol a Los Anjalas, amsa-kuwwa ɗaki ne na gaske, babu komai ciki sai lasifika da makirufo. Na'urar EMT 140 da ta fito a Jamus a 1957 faifan ƙarfe ne a cikin akwati mai tsawon da ya wuce mita 2. Ba mai iya ba kowane mawaƙi nasa, dole kowa ya aika kasonsa wuri ɗaya. Wannan larura ta haifar da wani alheri: duk wanda ya saurari waƙar yana jin cewa makaɗan wuri ɗaya suke. A Jamaika, a shekarun 1970, King Tubby ya mai da buɗewa da rufe layin aike wani kiɗa mai zaman kansa.

Kwamfuta ta cire larurar. A FL Studio ko Cubase, waɗanda situdiyoyin Kano da Yamai suka saba da su, mutum na iya liƙa wa kowane layi tasa amsa-kuwwar. Sakamakon kuwa shi ne a ji mai waƙa kamar yana cikin katafaren zaure, gogensa yana cikin ƙaramin ɗaki, 'yan amshi kuma kamar daga kogo suke amsawa. A waƙar fim da aka gina kan fiyano, wannan na iya wucewa a matsayin salo. A kiɗan goge kuwa ɓarna ce, domin gogen da muryar mai shi jiki ɗaya ne, ɗaya yana ƙarasa zancen ɗaya. Amsa-kuwwa guda a kan layin aike guda, kowa da gwargwadon kasonsa, ita ce ke mai da su wuri ɗaya. Wanda aka aika masa kaɗan yana matsowa gaba, wanda aka ƙara masa yana ja baya.

To, wane irin wuri za a mai da su? A nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Kiɗan Arewa na fili ne, a kan rairayi, tsakanin dangar kara da katangar ƙasa. Irin wannan wuri ba ya riƙe sauti. Ana bugawa yana tafiya. Saboda haka ne ƙwarya ke iya sauri ba tare da bugu ya hau bugu ba. Idan makaɗi yana bugu takwas a daƙiƙa, aka sa masa amsa-kuwwa mai jelar daƙiƙa 2, irin ta manyan zaurukan kiɗan Turai, kowane bugu zai kwanta a kan goma sha shida da ke binsa. Mai rawa ba zai gane inda zai sa ƙafa ba. Abin da ya dace shi ne gajeriyar jela, ƙasa da rabin daƙiƙa, a yanke mata ƙasa-ƙasan sauti a layin dawowa don kada ta dagula ƙwarya, a kuma tabbatar layin dawowar ado ne zalla, babu sautin asali a cikinsa.

Wani abu kuma ya wuce batun fasaha. An saba, a fina-finai da shirye-shiryen talabijin, da zarar an zo kan bori sai a cika sautin da amsa-kuwwa don a tsorata mai kallo. Wannan hukunci ne mai haɗa sauti ya yanke wa mutanen da suka amince masa ya ɗauki kiɗansu, alhali ba su ba shi wannan izini ba. Ko mene ne ra'ayinsa game da bori, aikin adana sauti amana ce, a miƙa shi yadda aka same shi.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Aike zuwa ado a ɗauke shi bayan maɓallin ƙarfin layi, don idan aka sauke murya amsa-kuwwarta ta sauka tare da ita. Aike zuwa kunnen mawaƙi kuwa a ɗauke shi kafin maɓallin, don kada abin da yake ji ya riƙa canzawa yana cikin waƙa. Tun da akasarin masu sauraro a Dogon Dutsi da ƙauyukanta ta wayar hannu ko ƙaramar rediyo mai katin memori za su ji, sai a gwada aikin a lasifika ɗaya tilo kafin a rufe shi.

Ga matasan da ke shiga ƙauyukan Arewa da na'ura a jaka: ku ajiye layukan asali ba tare da an taɓa su ba, ku rubuta sunan gari da ranar ɗauka, duk adon da za ku yi kuma ku bar shi a kan layin aike inda za a iya rufe shi. Kafin ku saki waƙar, ku kai wa mai gogen ya saurara, shi ya faɗa muku ko kiɗansa ne.