Aikin 'Yan Sanda da Kare Haƙƙin Yara a Yammacin Zamfara

Kafin mu yi nisa, ya dace mu fayyace kalmomi biyu. Yaro, bisa Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003, shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba, haƙƙinsa kuwa ya ƙunshi rayuwa da lafiya da ilimi da kariya daga cutarwa. Jihar Zamfara ta yi tata dokar kare yara a 2022. Da aikin tsaro kuma muna nufin aikin rundunar 'yan sanda da na masu dafa mata, wato Hisba da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a 2024, da dagatai da masu unguwanni.

Barazanar da yaro ke fuskanta a Anka da Gummi da Bukkuyum ta kasu uku. Ta farko ita ce gubar dalma, wato ƙarfen da ke gauraye da duwatsun zinariya, wanda ƙurarsa ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano annobar a ƙauyuka irin su Tungar Daji da Abare da Dareta a Anka, da Yargalma a Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. A cikin gidaje ake niƙa duwatsun, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Iyaye ne masu neman abin sawa a bakin salati suka shigo da gubar ba tare da sun sani ba, don haka kamu ba ya maganin wannan matsala, hasali ma tsoronsa kan sa a ɓoye aikin a cikin ɗaki. Abin da ya hau kan ɗan sanda shi ne ya haɗa kai da dagaci da ma'aikatan lafiya, a tabbatar an fitar da niƙan bayan gari, an kuma hana sa yara a ramukan haƙa.

Ta biyu ita ce ta 'yan bindiga. Sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da hare-haren ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022, sun nuna cewa gadin makaranta da hanyar zuwa cikinta yana cikin kare haƙƙin ilimi. Ta uku kuwa ta biyun ce ta haife ta: yaran da hijira ta koro cikin gari, waɗanda suka koma bara da talla, wasunsu marayu, babu mai tsaya musu.

Dangane da wannan kashi na uku, aikin ɗan sanda ya rabu biyu: kare yaron da aka zalunta, da yi wa wanda ake zargi adalci. Dokar 2003 ta tanadi sashe na musamman na 'yan sanda masu horo kan al'amuran yara, ta ce a sanar da iyaye da zarar an kama yaro, kada a haɗa shi da manya a wurin tsarewa, kuma tsarewar ta zama mataki na ƙarshe.

Duk waɗannan ayyuka sun dogara ne ga amana. Uwar da ke tsoron caji ofis ba za ta kai ƙarar wanda ya ci zarafin 'yarta ba, dagacin da bai yarda za a rufa masa asiri ba kuma ba zai ba da labarin motsin 'yan bindiga ba. Saboda haka muke ganin horar da jami'ai kan mu'amala da yara da iyayensu ya cancanci kulawa daidai da samar da motoci da makamai.